Kibod ɗin Baba Tafireta

Duk wanda ya taɓa bin layin shagunan nan na bayan tashar mota, kunnensa ne ke fara kai shi shagon Baba Tafireta kafin idonsa. Ƙwas-ƙwas-ƙwas, tas! Ƙwas-ƙwas, tas! Tun safe har la'asar. Sunan ya samo shi ne tun zamanin da yake buga wa mutane takardu da tafireta. Tafireta ta ci zamaninta ta wuce, kwamfuta ta zo, sunan ya ƙi sakin sa, shi ma bai nemi a sake shi ba.

Mai wannan ƙarar kuwa kibod ɗinsa ne, wato abin buga haruffa na kwamfuta. Wai da can fari ne, amma ba wanda zai rantse a kan haka. Ga nauyi kamar dutsen guga, ga kaurin maɓallai, kuma haruffan da ke kansu duk yatsunsa sun cinye su, ba ka ganin komai sai ƙyalli da ɗan loɓawa a tsakiyar kowane maɓalli. In wani ya zauna zai taɓa, sai ya yi ta zare ido yana neman inda A take. Shi kuwa Baba ko kallon sa ba ya yi. Yana hira da kai, yana kallon takardarka, yatsu na can suna aikinsu.

Shagon da ke manne da nasa na wani mai gyaran waya ne da ake kira Injiniya, magidanci mai tumbi da son gardama. Su biyun nan in ba su yi musu ba, to ɗayansu bai fito ba.

"Baba, zamanin kwamfutar tebur ya wuce fa," Injiniya zai leƙo ya ce. "Duk abin da wannan akwati naka yake yi, wayar aljihuna ta yi shi har ta ƙara."

"Gilashi na taga ne da madubi," in ji Baba, ba tare da ya tsayar da hannu ba. "In yi ta shafa gilashi kamar mai share ƙura, a ce wai rubutu nake?"

"To aƙalla ka bari in sa maka sabuwar babbar manhaja, wadda ke tafiyar da kwamfutar. Taka ɗin nan ai waɗanda suka yi ta ma sun manta da ita."

"Na ga sabuwar a wurin wani. Mutum na tsakiyar aiki, ta tsaya cak, wai sai ta sabunta kanta, ya jira ta. Ni na saye ta ko ita ta saye ni? Tawa tsohuwa ce, amma in na ce mata zauna, zama take."

Mutum ɗaya ce ta fi Injiniya ƙin kibod ɗin nan, ita ce Inna, matar Baba. Ita ba ruwanta da wata manhaja, ƙarar ce ba ta so. Akwai lokacin da aiki ya yi masa yawa ya kwaso kayan ya kawo gida, ya girke su a ɗaki. Kafin yamma kan Inna ya ɗau ciwo. Ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu ta ce, "Malam, ko ni ko injin niƙan nan naka, ɗaya zai bar ɗakin nan." Ya yi dariya ya mayar da su shago. Tun daga ranar sunan kibod a gidan ya zama injin niƙa.

Wata safiya layin shagunan ya yi shiru. Injiniya ne ya fara jin shirun, ya leƙa don ya tsokana, ya tarar da Baba a ƙasa, bakinsa ya karkace. Hawan jini ne ya yi masa mugun kamu.

A asibiti aka ceto ransa, alhamdu lillahi, amma ɓarin jikinsa na dama ya yi nauyi, harshe ya ƙi tashi. In ya yi yunƙurin magana sai wani gurnani ya fito, har shi ma ya ji kunya ya daina. Idanun ma ba sa tsayawa wuri guda, in ka miƙa masa abu sai ya kai hannu gefensa. Inna ta tare a kan wata kujerar roba kusa da gadon. Kullum da safe takan jiƙa tsumma ta goge masa fuska da wuya, tana yi tana surutu ita kaɗai, don shirun nasa ya fi ƙarfinta. Ta ba shi labarin maƙwabta, ta kai masa ƙarar jikoki, ta yi masa faɗan ƙin shan magani da ya yi ta yi a baya. Wata rana abin ya ci ranta, ta sunkuya kusa da kunnensa ta ce, "Kai dai ka tashi, Malam. Wallahi ko a kan gadona za ka ɗora injin niƙan naka, ba zan ce uffan ba." Bai ko motsa ba. Ta share hawaye da bakin mayafi ta ci gaba da gugar.

Likitar da ke duba shi mace ce mai haƙuri, ba ta ɓoye wa Inna komai ba. Ta ce akwai sashen da ake horar da irin waɗannan marasa lafiya, a koya musu tafiya da magana daga farko, amma gadajen kaɗan ne, kuma sai wanda ya nuna yana gane abin da ake faɗa masa ake ɗauka. Wanda bai nuna ba, sai a sallame shi a ci gaba da kula da shi a gida.

"Mun ce ya ɗaga kai, wani lokaci ya yi, wani lokaci bai yi ba," in ji Likita. "Biro ya ƙi riƙuwa. Ban ce hankalinsa ya tafi ba, Inna, na ce ban gani ba tukuna. Ƙarshen mako za mu yanke shawara. In kun sami wata hanya da zai nuna mana, ku kira ni ko ina nake."

Inna ta dubi mijinta. Ta san abin da gida yake nufi: a shimfiɗar da shi a ɗaki ana juya shi, ana magana a kansa kamar ba ya nan, har iya abin da Allah Ya ɗibar masa.

Yaransu biyu suka ce ai wannan mai sauƙi ne, zamani ya zo da komai. Babban, wanda duk gidan ke kira Yaya, ya zaro wayarsa mai tsada, irin wadda ba ta yarda da cajar kowa sai tata. Ya buɗe wurin rubutu ya kara wa Baba a fuska. "Baba, taɓa. Rubuta sunanka kawai."

Hannun hagun Baba ya taso yana rawa, ya sauka a kan gilashin, ya zame. Haruffa suka watsu, wayar kuma ta yi ta cike masa da kalmomin da ta ga dama. Abin da ya fito ko mahaukaci ba zai yi shi ba.

Auta, ƙanwarsa, malamar makaranta ce, ta ce, "Ai dama. Wayar nan taka ban da tsada me ta iya? Komai a kulle, ba ta barin mutum ya gyara ta yadda yake so. Kawo tawa, ni ina iya ƙara girman haruffan."

"Taki da ke cike da tallace-tallace? Ko buɗewa sai ta yi tunani."

"Ta dai fi taka da sai ka sayi caja kamar kana sayen fili."

Suka tsaya a kan tsohon mutum suna cacar baki, wannan ya kara masa tasa, wannan ta kara masa tata. Har wata babbar waya mai faɗin faranti Yaya ya aro. Duk labarin ɗaya ne. Daga ƙarshe Baba ya rufe ido ya juya fuskarsa bango. Yaya ya ja Auta gefe, ya yi ƙasa da murya, amma Inna ta ji shi. "Mu daina yaudarar kanmu. Baba ba ya gane komai. A fara gyara masa ɗaki."

Ran Inna ya ɓaci, amma ba ta da abin da za ta kare mijinta da shi. 

Washegari da hantsi tana zaune ita kaɗai, ta zuba wa bargon ido don ba ta son kallon fuskarsa. Nan ta ga yatsunsa na hagu suna motsi. Ta sha ganin motsin nan, duk ta ɗauka rawar ciwo ce, haka ma yaran suka ce. Amma yau da ta tsura ido sai ta ga ba rawa ba ce. Ɗan yatsa ya sauka, na kusa da shi ya sauka, wani ya miƙa gaba ya dawo, sannan babban yatsa ya buga ƙasa. Ya sake: uku, huɗu, babban yatsa. A hannun daman ma, wanda aka ce ya mutu, yatsu biyu suna ɗan ɗagawa suna bin sahu.

Ba idonta ne ya gane ba, kunnenta ne. Ƙarar nan da ta taɓa sa mata ciwon kai ta tashi a cikin kanta: ƙwas-ƙwas-ƙwas, tas!

"La ilaha illallahu," ta ce a fili. "Malam, bugu kake?"

Yatsun suka tsaya. Sannan suka ci gaba da sauri fiye da da.

Ko mayafinta ba ta gyara da kyau ba ta fita. Ta bar wa Auta saƙo wurin matar da ke jinyar mai gadon kusa, ta hau mota sai layin bayan tasha. Ta tarar da Injiniya ya sunkuya kan wata waya da ƙaramin sukundireba, shagon Baba a rufe a gefensa. Ya rame, abin da ba ta taɓa zaton tumbin nan zai yi ba.

"Inna! Lafiya? Jikin ne?"

"Injin niƙansa nake so."

Ta faɗa masa abin da ta gani, tana yi tana tsoron kada ya yi mata kallon da Yaya zai yi mata. Injiniya ya ajiye sukundireba. Ya bugi goshinsa da tafin hannu.

"Kai, amma mun yi wauta! Mutumin da bai taɓa kallon haruffa ba muke cewa ya nemo su a kan gilashi? Inna, ai shi da yatsu yake gani. Ba ni makullin."

Suka buɗe shagon. Ƙura ta fara kwanciya a kan ledar da Baba ke rufe kibod da ita. Injiniya ya juya igiyarsa ya duba bakin, wani zagayayyen kai mai ƙananan allurai, ya yi tsaki. Ya ce wannan ba ya shiga waya, ba ya shiga sababbin kwamfutoci sai da wani ɗan mahaɗi, shi kuma mahaɗin ba kullum yake yin aiki da tsofaffi irin wannan ba.

"To yaya ke nan?" in ji Inna.

"Gaba ɗaya za mu kwasa. Akwati, allo, igiyoyi, har tsohuwar manhajar tasa da nake zagi kullum. Wadda ya sani ita za mu kai masa."

Ya rufe shagonsa da rana tsaka, masu jiran wayoyinsu na ƙorafi, ya ce su yi haƙuri ko su kai wani wurin. Ya tsayar da mota, ya rungumi akwatin kamar jariri. Inna ta ɗora kibod a cinya, ta riƙe shi da hannu biyu har asibiti.

A ƙofar ɗakin marasa lafiya suka yi karo da Sista, babbar nas, wadda ko ƙuda ba ya shiga sai da izininta.

"Ina zuwa da wannan kaya? Nan asibiti ne ko shagon buga takardu?"

Injiniya ya fara wani dogon bayani na manhaja da mahaɗi. Inna ta katse shi. "'Yata, Likita ta ce in mun sami hanya mu kira ta. Wannan ce hanyar. In ba ta yi ba, da kaina zan fitar da shi."

Sista ta dubi tsohuwar, ta dubi kibod, ta ja numfashi. Ita da kanta ta jawo teburin da ake ɗora abinci, ta nuna musu soket, ta aika a kira Likita.

Yaya da Auta suna nan. Yaya ya ce, "Inna, don Allah kada ki sa rai da yawa." Ba ta ko dube shi ba. Aka tayar da Baba aka jingina shi da matasai. Injiniya ya jona igiyoyi, ya danna. Akwatin ya yi wani nishi, fanka ta fara kuka, allo ya yi baƙi, ya yi shuɗi, ya tsaya yana tunani. Marasa lafiya na sauran gadaje duk sun ɗago kai. Likita ta iso ta tsaya ta harɗe hannu.

"Haka take," in ji Injiniya yana share gumi. "Sai ta gama miƙa tukuna. Yau dai ba zan zage ta ba."

Da ta buɗe, ya shiga wurin rubutu, ya ƙara girman haruffa. Inna ta ɗora kibod a kan teburin, ta ɗauki hannun mijinta na hagu ta aza, ta ɗauki na daman mai nauyi ta aza.

Hannuwan suka kwanta kamar ba za su yi komai ba. Can yatsun suka fara lalube, suna shafa maɓallan ɗaya bayan ɗaya, har kowanne ya faɗa cikin loɓawar da shi ya yi ta. Ƙwas. Ƙwas-ƙwas. Kowa ya dubi allo. Haruffa ne barkatai, ba kai ba gindi.

Yaya ya sauke ajiyar zuciya ya kawar da kai. 

Sai hannun hagun ya ɗaga, ya tsallaka can saman kusurwar dama, ya sami wani dogon maɓalli. Tas, tas, tas, tas. Haruffan suka ɓace ɗaya bayan ɗaya.

"Ya goge!" Injiniya ya daka tsalle har tumbinsa ya girgiza. "Wallahi ya goge! Ya san ya yi kuskure!"

"Shiru," in ji Likita, amma ta matso.

A hankali, hannun hagu na yin aikin biyu, na dama na taimakawa da abin da ya samu, kalmomi suka fara fitowa. Auta ce ta karanta da ƙarfi:

"Ku daina kara min gilashi a fuska."

Ɗakin ya kaure. Auta ta fashe da kuka da dariya lokaci guda. Yaya ya durƙusa a gefen gadon ya kama ƙafar mahaifinsa, yana cewa, "Baba, ka yafe min, ka yafe min." Sista ta juya baya tana gyara wani labule da ba abin da ya same shi.

Likita ta yi tambayoyinta. Ina ne nan? Ya buga: asibiti. Ta nuna Inna: wace ce wannan a gefenka? Ya buga: mai gidan. Me ke damun ka yanzu? Ya buga: ido na ganin biyu, matashin kan nan ya yi tauri. Likita ta yi murmushi har haƙoranta suka fito. Ta ce gobe za a mayar da shi sashen horo, kuma da kayansa zai tafi, ita za ta yi magana da su.

Inna ta shiga godiya. Ta kama hannun Likita, ta kama na Sista, ta juyo wurin Injiniya ta ce, "Kai kuwa, Allah Ya yi maka abin da ka yi mana. Allah Ya sa 'ya'yanka su tsaya maka." Injiniya ya sunkuyar da kai yana ta murza hularsa.

Ƙwas-ƙwas-ƙwas, tas. Auta ta leƙa ta karanta: "Injiniya na gode. Amma har gobe wayarka madubi ce."

"Na yarda, Baba," in ji Injiniya, hawaye na bin kumatunsa. "Yau kaɗai fa. Ka warke ka dawo mu ƙarasa."

Baba ya huta, ya gaji ƙwarai, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Inna ta sa tsumma ta goge. Ta ɗauka ya gama. Sai yatsun suka sake tashi. Auta ta buɗe baki za ta karanta, ta tsaya, ta dubi mahaifiyarta. "Inna, wannan naki ne."

Inna ta lalubo tabarau a jakarta. Karatun boko ba ya mata sauri, sai da ta bi kalmomin da yatsa.

"Duk abin da kike faɗa da safe ina ji. A kan gado kika ce. Ban manta ba."

Ta toshe baki da mayafi. Kunya ta kama ta a gaban yara, dariya ta zo, kuka ya riga ta. Ashe duk safiyoyin nan da take zaton da bango take magana, yana ciki yana saurare, yana amsa mata a kan bargo.

"Na faɗa," ta ce. "Kuma ban janye ba."

Wani mai jinya daga can ƙarshen ɗakin ya ɗaga murya ya ce don Allah a rage ƙarar nan, ta cika kunne. Inna ta juya ta ba shi haƙuri da ladabi, ta ce yanzu za a kashe. Sannan ta jawo kujerar robarta har ta manne da gadon, ta sunkuya kusa da kunnen mijinta.

"Kafin su kashe, Malam, ƙara buga wani abu. Ko mene ne. Ina ji."